Farar wuta a cikin man mota: abin da hanyar Jiratawa ke shaƙa

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Jiratawa da sanyin safiya, cikin watannin hunturu, ya ga yadda manyan motocin da ke fitowa Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya suke barin hayaƙi a bayansu, hayaƙin kuma ba ya tashi sama da wuri. Yakan kwanta bisa hanya, ya gangara wajen fadamar Gulbi, ya daɗe nan kafin rana ta ɗaga iska ta kore shi. Mata masu kai zogale da salati kasuwa suna ratsa shi, ƴan lakwal suna ratsa shi, ƴan kabu-kabu kuwa a cikinsa suke yini. Baƙin nan da ido ke gani gawayi ne da sauran man da bai ƙone ba. Amma tare da shi akwai wani abu marar launi, wanda masana ke rubutawa SO2, da Faransanci kuma «dioxyde de soufre», watau iskar da ke fita idan farar wuta ta ƙone.

Farar wuta ba baƙuwa ba ce ga jama'ar ƙasar nan. Ana sayar da ita a kasuwa wurin masu magani, ana shafa ta don ƙazuwa, maharba kuma sun san ta cikin haɗin albarushi. Wanda ya taɓa ƙyasta ashana kusa da hancinsa ya ji warin nan mai sukar maƙogwaro, to, ya riga ya ɗanɗana iskar da ake magana a kanta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, farar wuta tana cikin ɗanyen man fetur da gawayin ƙasa tun daga inda Allah ya ajiye su. Idan matatar mai ba ta cire ta ba, sai ta biyo gazuwal da esansi har cikin tankin mota, ta ƙone a cikin inji, ta fito ta bututun hayaƙi.

Lissafin abin ba shi da wuya. Ton ɗaya na mai kilo 1000 ne, watau giram miliyan ɗaya. Saboda haka idan aka ce gazuwal yana da «ppm 50», ma'anarsa giram 50 na farar wuta a cikin kowane ton. Kuma duk giram ɗaya na farar wuta da ya ƙone yakan ba da giram biyu na SO2, domin yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa. A ɗauki motar dakon mai guda mai ɗauke da ton 30. Idan man nata mai ppm 3000 ne, akwai kilo 90 na farar wuta a cikinta, wanda zai zama kilo 180 na iska mai guba bayan an ƙone shi a kan hanyoyi. Idan kuwa mai ppm 50 ne, kilo 3 kaɗai zai fita. Mota ɗaya ce, tsawon tafiya ɗaya ne, direba ma ba zai ga bambanci ba a wurin shan mai. Bambancin yana ga huhun mutanen da ke bakin hanya.

Yadda take shiga jiki

Iskar farar wuta tana son ruwa ƙwarai. Da ta taɓa damshin ido, ko na hanci, ko na maƙogwaro, sai ta narke ta zama ruwa mai tsami, daga nan sai hawaye da atishawa da tari. Mutumin da ke zaune yana numfashi ta hanci, hancinsa yakan tare mafi yawanta. Amma mai aikin ƙarfi, kamar ɗan dako a tasha, ko mai tura kura, ko yaron da ke guje-guje, da baki yake numfashi, saboda haka iskar takan wuce har cikin hanyoyin huhu. Ga mai ciwon fuka kuwa, minti biyar zuwa goma sun isa hanyoyin numfashinsa su matse, ƙirji ya ɗaure, a ji yana shessheƙa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ajiye iyaka biyu: ta minti goma, wadda ita ce makirogiram 500 a cikin mita ɗaya ta iska mai tsawo da faɗi da zurfi, da ta yini guda, wadda aka tsayar a kan makirogiram 40 a shekara ta 2021.

Cutar da ta fi girma kuwa ba wadda ake ji nan take ba ce. Bayan SO2 ta shiga sararin sama, takan sāke kama cikin sa'o'i ko kwanaki, ta zama ƴan ƙwayoyi ƙanana waɗanda kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin talatin na silin gashin kai ba. Waɗannan hanci ba ya tare su. Suna shiga har ƙarshen huhu, kuma bincike na shekaru masu yawa ya nuna suna da hannu a ciwon zuciya, da shanyewar jiki, da ciwon huhun yara da tsofaffi. Likita zai rubuta sunan cutar a takarda, ba zai rubuta gazuwal ba.

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Disamba na shekara ta 1930, hazo ya rufe kwarin kogin Meuse a ƙasar Beljika, ya riƙe hayaƙin masana'antu a ƙasa, mutum kusan 60 suka mutu cikin ƴan kwanaki. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 irin haka ta faru a birnin Landan, inda kowane gida ke ƙona gawayin ƙasa saboda sanyi. An fara ƙirga mutum 4000, daga baya masu bincike suka ce adadin ya kai wajen 12 000. Dokar tsabtace iska ta Ingila, ta 1956, daga nan ta samo asali. Abin lura a nan shi ne yanayin da ya jawo masifar: dare mai sanyi, iska a tsaye, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa kamar marfi bisa tukunya. Maraɗi ba Landan ba ce, hayaƙinta bai kai ko kusa ba, amma daren hunturu a kwarin Gulbi yana yin wannan aiki na marfi, shi ya sa hayaƙin safiya ke daɗewa a ƙasa.

Akwai kuma misali na alheri. A watan Yuli 1990 hukumomin Hong Kong suka hana motoci da masana'antu ƙona man da farar wutarsa ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Nan da nan SO2 ta ragu a iskar birnin, kuma da aka duba littattafan mace-mace na shekarun da suka biyo baya, aka tarar da mutuwar ciwon huhu da ta zuciya sun ragu. Ba a sāke motoci ba, mai kaɗai aka sāke.

Gaskiyar abin a ƙasar nan

Kada a ɗora wa farar wuta laifin da ba nata ba. Abin da ya fi cika iskar jahar Maraɗi shi ne ƙurar hunturu, sai hayaƙin itace a madafa, wanda mata da goyonsu ke shaƙa kullum, sai kuma ƙona shara. Itace ba shi da farar wuta mai yawa. A Banizumbu, gabas da Yamai, akwai wurin awo da masanan Nijar da na Faransa suke auna iska da ruwan sama tun shekarun 1990, kuma awonsu ya nuna SO2 kaɗan ce a iskar karkara. Har ila yau, ruwan sama mai tsami, wanda ya kashe kifi a tafkunan Suwidin da Norwe, ya kuma sa ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Janeba ta 1979, bai da ƙarfi a Sahel, domin ƙurar hamada tana ɗauke da sinadarin farar ƙasa wanda ke kashe tsamin. Ƙurar da ke shaƙe mutane ita ce ke kare gonakinsu ta wannan fuska.

Wani abin mamaki kuma, ƙasar jigawa ta wannan yanki tana ƙarancin farar wuta, shuka kuwa tana bukatarta. Shi ya sa gyaɗa ke amsa takin supa, wanda ke ɗauke da ita. A cikin ƙasa abinci ce, a cikin iska guba. Idan SO2 ta yi yawa takan shiga ta ƙananan ƙofofin ganye, ta ƙone tsakanin jijiyoyinsa, kuma salati da alayyafo da auduga suna cikin shuke-shuken da ba su jure ta. Ga fadamar Jiratawa, wadda aka gyara a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar ONAHA, mai faɗin eka fiye da 500 ta awon Faransa, wadda kuma ganye ne babban arzikinta, wannan abin sa ido ne, ko da yake mai shukar ya fi shukar shiga haɗari.

To, idan iskar karkara ba ta da SO2 mai yawa, ina matsalar take? Tana inda injuna suka taru: tashar mota, da wurin da manyan motoci ke jiran takardun duwan injunansu na tashe, da bakin babbar kasuwa, da zauren mai niƙa, da shagon da aka kunna injin wuta a ƙofarsa, da wurin da ake ƙona tsofaffin tayoyi, domin robar taya da farar wuta ake ƙarfafa ta. Maraɗi gari ne na fatauci, mai mutum 267 000 da ɗoriya a ƙidayar 2012, ya kuma ƙaru sosai tun daga lokacin. An ga yadda injunan wuta suka yawaita a watan Agusta 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke shigowa Nijar, ba ta mayar ba sai Maris 2024. Kowane inji da aka tayar cikin waɗannan watanni, ingancin man da aka zuba masa shi ne ingancin iskar gidan.

Dalilin da ya sa farar wuta ta cancanci a yi magana a kanta dabam shi ne wannan: babu hukumar da ke iya ba hunturu oda, sāke murhun dubban gidaje kuma aiki ne na shekaru, amma yawan farar wutar da ke cikin mai abu ne da ake yankewa da alƙalami, a aiwatar a matata ɗaya da ƴan wuraren ajiya. An taɓa yin irinsa. Bayan taron Dakar na 2001, ƙasashen Afirka na kudu da hamada suka daina sayar da esansi mai dalma daga farkon 2006, ba tare da talaka ya yi komi ba.

Daga ina man yake fitowa

A watan Satumba 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Public Eye ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, cikinsu har da Mali da Benin da Gana da Senegal da Kodibuwar. A Mali ta sami gazuwal mai ppm 3780, watau ninki 378 na abin da dokar Turai ta yarda, domin iyakar Turai ppm 10 ce tun 2009. Rahoton ya bayyana yadda ƴan kasuwar mai suke haɗa ragowar matatu a tashoshin jiragen ruwa na Amstadam da Rotadam da Anbers, su yi wani mai da su da kansu suke kira «ingancin Afirka». Ba su karya doka ba. Dokokin ƙasashen da ke saye ne suka bar ƙofa a buɗe, kuma nan ne zafin maganar yake.

A watan Disamba na wannan shekarar, a Abuja, Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kodibuwar suka yi alkawarin hana shigo da gazuwal da ya wuce ppm 50. Gana ta cika alkawari a 2017, wasu kuwa suka yi ta ɗagawa. A shekara ta 2020 wata ƙungiya mai suna SDN ta auna man da ake sayarwa a Legas da yankin bakin teku na Nijeriya, ta tarar da gazuwal ɗin da aka shigo da shi bisa ƙa'ida yana da fiye da ppm 2000 a matsakaici, har ya fi wanda ake dafawa a ɓoye cikin daji ƙazanta. A watan Fabrairu 2020 kuma ministocin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Wagadugu, suka tsayar da ppm 50 ga duk man da za a shigo da shi daga Janairu 2021, suka ba matatun yankin wa'adi zuwa ƙarshen 2024. Gabashin Afirka ya riga mu, tun Janairu 2015. Daga baya masu sayarwa ma suka fara rufe nasu ƙofofi: Holan ta hana fitar da man da ya wuce ppm 50 daga 2023, Beljika ta bi sahu a 2024.

Nijar tana da wani rabo da maƙwabta da yawa ba su da shi. Tun 28 ga Nuwamba 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take aiki, mai ƙarfin tace ganga 20 000 a yini, kuma ɗanyen man Agadem yana cikin waɗanda farar wutarsu ba ta da yawa. Amma duk mazaunin Maraɗi ya san ba dukan man da ke cikin tankunan garin ne ya biyo ta SONIDEP ba. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa suna shigo da esansi daga Nijeriya cikin jarkoki, ana sayar da shi cikin kwalabe a bakin hanya, saboda rangwamen da gwamnatin Nijeriya ke yi wa kuɗin mai ya sa ya fi na gida araha. Wannan mai babu takardar awo a tare da shi. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire rangwamen ranar 29 ga Mayu 2023, sai ribar ta ragu, jama'a suka koma gidajen mai, bukata ta yi wa matatar Damagaram yawa, har aka ga dogayen layuka a watan Maris 2025, aka kuma nemi ƙarin mai daga waje. Watau tambayar ingancin man da ke shigowa ba ta ƙare ba, hanya kawai ta sāke.

Sai kuma batun da ya kamata ma'aikatan hukuma su fi kula da shi. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Ƙa'idar ppm 50 ta Wagadugu ƙa'idar wannan ƙungiya ce. Ficewar hukunci ne na siyasa, huhun ɗan Jiratawa kuwa bai san iyakar ƙungiyoyi ba, saboda haka wajibi ne iyakar farar wuta ta tsaya da ƙafarta cikin dokar ƙasa, ta kuma zama ɗaya a ƙasashe uku na ƙawancen AES. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwar da aka rufe wa Legas da Tema ba zai zubar da mansa mai ƙazanta a teku ba, zai nemi inda ƙofa ta saura a buɗe. Ƙasar da ta yi jinkiri ita za ta zama juji. Tushen doka yana nan, domin dokar kare muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta hana gurɓata iska. Abin da ke ba irin wannan doka haƙora shi ne lamba a rubuce, da ɗakin awo, da ma'aikacin da ke da ikon mayar da motar dakon mai inda ta fito.

Masu motoci ma suna da riba a ciki, kuma ya kamata a faɗa musu da harshen aljihu. Farar wuta tana zama tsami a cikin inji, ta lalata baƙin mai da wuri, ta ci ƙarfe. Motocin hannu da ake kawowa daga Turai suna zuwa da na'urorin tace hayaƙi waɗanda aka ƙera don mai mai tsabta. Man da ke da farar wuta mai yawa yakan kashe su cikin ɗan lokaci, makanike ya cire ya jefar, ko kuma a tarar an riga an cire su tun a tashar jirgin ruwa saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga motocin hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufa. Duk dokar da za a yi kan shekarun motoci ba ta da amfani sosai muddin man bai gyaru ba.

Gawayin ƙasa, tsakanin daji da ɗaki

Akwai wata mafita ta SO2 da ke bukatar magana da hankali. Tun 1981 kamfanin SONICHAR ke ƙona gawayin Anu Araren, kusa da Cirozerin, don ba Arlit da Agadas wuta, akwai kuma gawayi mai yawa a Salkadamna ta jahar Tawa da ake sa rai a kansa. An kuma daɗe ana kira ga mata su dafa abinci da gawayin ƙasa domin a ceci itatuwa. Kiran yana da hujja, wanda ya ga abin da gatari ya yi wa dazukan kudancin Maraɗi ba zai musa ba. Amma gawayin ƙasa yana ɗauke da farar wuta fiye da itace nesa ba kusa ba, kuma gasa shi da ake yi kafin a sayar yana rage ta ne, ba ya ƙare ta. Saboda haka duk inda aka raba murhun gawayi, tilas a raba shi tare da gargaɗi: a tsakar gida ake hura shi, ba a shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a daren hunturu, ba a bar jariri ko mai fuka kusa da shi. Malaman yaƙi da jahilci da ungozomai sun fi kowa iya isar da wannan saƙo.

Mutanen Tibiri sun san abin da ke faruwa idan ba a auna abu ba kafin a ba jama'a. Daga 1985 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai sinadarin fuliyo da ya ninka iyakar OMS, ta miligiram 1,5 a lita, sau da yawa. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Sai bayan shekara goma sha biyar, da yara dubbai suka tashi da haƙora jajaye da ƙafafu a lanƙwashe, aka rufe ta. Awon da zai hana wannan ba shi da tsada ko kaɗan idan aka gwada shi da abin da aka rasa.

Awon SO2 ma haka yake. Akwai ƴan ƙananan bututu da ake ratayewa a jikin itace ko bango har wata guda, ba su bukatar lantarki, sa'an nan a kai su ɗakin bincike. Irinsu ake amfani da su a Banizumbu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da sashen noma da muhalli, cibiyar INRAN tana Tarna, tsakanin Maraɗi da Jiratawa. Idan aka rataya guda a tashar mota, guda a babbar kasuwa, guda a bakin hanya a Jiratawa, guda a tsakiyar fadama, guda a Tibiri, aka kuma ɗebi mai daga gidajen mai da kwalaben bakin titi aka auna, kafin hunturu biyu magajin gari da gwamna za su sami lambobin da za su ɗora hukunci a kansu, likitocin asibitin jaha kuma su gwada su da yawan masu fuka da suke karɓa a watan Janairu.